Maginan Gargajiya da Suka Tayar Mana da Gidan Gona da Rufewa a Ɗorayi

Gidan gonar kakanmu yana ta wajen Ɗorayi, kuma a lokacin da aka gina shi, zamanin da gyaɗa take tashe har ana jera dalarta a Kano, wurin ƙauye ne sosai, sai mutum ya fita ganuwa ya yi tafiya cikin gonaki kafin ya isa. Yau birni ya cimma shi, gidajen bulo sun kewaye shi ta ko'ina, abin da ya rage na gonar bai wuce fegi biyu da wata tsohuwar ɗorawa ba. Daminar da ta wuce, ruwan watan Agusta ya kwantar da kusurwar zauren, ya tsaga rufewar da ke bayan gida, wato rumbun ƙasa na ajiye hatsi, tun daga wuya har gindi. 'Yan'uwa da yawa sun ce a rushe a sayar da filin, amma mu kaɗan muka dage a nemi maginan ƙasa, kuma aikin waɗanda muka samu a cikin gari shi ne nake son in yi bayaninsa ga duk mai irin wannan gado.

Su shida ne, shugabansu dattijo ne da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kowa Baba yake ce masa. Ranar da ya fara zuwa bai yi maganar kuɗi ba. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da bayan wuƙa yana saurare, inda ya ji amon rami sai ya yi alama da gawayi. Da ya kai bangon gabas, wanda wani kawunmu ya sa aka yi wa shafen siminti shekarun baya da niyyar kare shi, sai ya ɓamɓaro wani ɓangare da hannu, ƙasar da ke ciki ta zubo a jiƙe kamar tsaki. Ya ce da ni, "Alhaji, simintin nan shi ya ci muku bango, ba ruwan sama ba." Bayaninsa shi ne siminti ba ya kama jikin ƙasa, da zarar ya tsage ruwa ya shiga ta baya to ba shi da hanyar fita, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana nan lafiya. Na nemi ya mayar da simintin don mu huta da yaɓe, ya ƙi, ya ce in shi nake so to in nemi wani. Wannan ƙin da ya yi shi ne ya sa na amince da shi, kuma har yanzu ina ganin shi ne mafi darajar abin da muka biya.

Gidan tsarin ginin Hausa ne cikakke: zaure mai zankwaye a goshi, sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida da ɗakuna uku da turken dabbobi. Bangon na tubali ne, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, shi ya sa ko a zafin watan Afrilu zauren yana da sanyi. Maginan sun sayo jar ƙasa, suka kwaɓa ta da ciyawar ramno, suka tattake ta da ƙafa, suka bar ta kwanaki tana ruɓa kafin su mulmula tubali su shanya. Rufin zauren daurin guga ne, bakan gizo biyu da suka gitta juna, dabarar da magina suka samo domin azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi. Wanda yake son ganin wannan fasaha a ƙololuwarta ya shiga Gidan Makama, wanda tarihinsa yake komawa ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ko Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Namu ƙaramin abu ne a kan waɗannan, amma hikimar ɗaya ce. Da suka buɗe rufin, yawancin azarar giginyar da kakanmu ya sa tana nan daram, gara ba ta taɓa ta ba, guda tara kawai aka canza. Saman soron sun shafe shi da laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara, bangon waje kuma da makuba ta ɓawon ɗorawa, sannan suka tsawaita indararo don kada ruwa ya riƙa zuba a gindin gini.

Rufewar ita ta fi ba ni sha'awa, domin ban taɓa lura da yadda take ba sai da na ga ana gyaranta. Ba ta taɓa ƙasa, a kan duwatsu take zaune don damshi da gara da ɓera kada su samu hanya, jikinta siriri ne kamar na tulu, kuma ba ta da ƙofa sai baki a sama wanda ake rufewa da jinka. Ba da tubali ake ɗaga ta ba, zobe-zobe ake ɗora ƙasar, kowane sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Wani matashi a cikinsu ya shiga ciki da tsani, yana liƙe tsagar daga ciki Baba yana bi daga waje, hannuwansu suna haɗuwa a kan bango ɗaya. Mahaifiyata, wadda ta tuna lokacin da ake zuba damman gero a cikinta har su kai shekara biyu, ta zauna a dakali tana kallo har la'asar ba ta ce uffan ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba, kuma wajibi ne in faɗa. Sun ce mako shida, aikin ya ci wata uku. Wani jinkirin na ƙasa ne, ba a gaggauta bushewarta, amma wani nasu ne, domin sau biyu suna ɗauke ƙafa su tafi wani aikin ba tare da sanarwa ba, wayar Baba kuma a kashe. Ba sa rubuta yarjejeniya, komai da baki ne, sai ga shi kuɗin azara ya ƙaru a tsakiyar aiki da hujjar cewa giginya ta yi wuyar samu, wanda gaskiya ne, amma da an faɗa tun farko da rai bai ɓaci ba. Zanen da suka yi a ƙofar zaure ma bai kai na asali kyau ba, dagin ya fito a karkace, kuma Baba da kansa ya amsa cewa mai hannun zanen a cikinsu ya rasu bai bar magaji ba.

Duk da haka zan sake kiransu, kuma ina ba mai tsohon gini shawarar ya neme su, da sharaɗin ya fara aikin bayan kaka, cikin hunturu, ya kira shaidu biyu a rubuta farashin kowane sashe, ya kuma sayi azararsa da kansa. Jimillar abin da muka kashe bai kai kuɗin rushewa da tayar da ɗakuna uku na bulo ba, sai dai gidan ƙasa yana neman a duba yaɓensa da indararonsa kafin kowace damina. Baba ya ce zai dawo cikin watan Mayu ya hau soron ya duba lason, mu kuma mun riga mun sa geron fegin nan biyu a rufewar, dami goma sha ɗaya.