Wata bakwai a teburin jarida: ɗakin karatun da nake zuwa a Garwa

Gaskiya ba son karatu ne ya fara kai ni wurin ba, zafi ne. A watan Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ɗakinmu na kwano a Yelwa ba ya zaunuwa. Shekarata biyu ke nan da gama lisans, wato digirin farko, a Jami'ar Gaundare, ba aikin fari ba na baƙi, sai da yamma in karɓi babur ɗin yayana in ɗauki fasinja har goman dare. Wani abokina ya ce akwai ɗan ɗakin karatu na jama'a mai fanka da wurin cajin waya, kuma katin shekara bai kai kuɗin man da nake zuba wa babur a wuni ɗaya ba. Na je da niyyar yin gyangyaɗi.

Abin da ya riƙe ni teburin jarida ne. Ana ajiye Cameroon Tribune, inda sanarwar konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta gwamnati, ke fitowa, da L'Oeil du Sahel mai kawo labarin arewa. Mai neman aiki ba zai iya sayen jarida kullum ba, hoton sanarwa da ke yawo a WhatsApp kuwa sau tari rabin shafi ne, ko na bara aka sake turowa. A nan za ka karanta ta daga sama har ƙasa, ka ga iyakar shekaru da ranar rufewa da idonka.

Sai kuma dattijon da ke kula da wurin, tsohon malamin firamare, kowa Baba yake ce masa. Shi ne ɗakin karatun, in ana son gaskiya. Ranar da ya ga ambulan ɗina ya ce, "Ɗana, kawo in gani." Ya zaro takardar kotu mai nuna ban taɓa shiga kurkuku ba, ya duba kwanan wata, ya girgiza kai. Wata uku kawai ake karɓarta, tawa ta yi biyar. Na yi ta ne tun da wuri don kada a bar ni a baya, ashe kuɗi na zubar. Tambur ɗin da ake mannawa ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 tun 2023, kuma dosiye ɗaya, wato tarin takardun neman shiga konkur, sai ya ci tambur huɗu ko biyar: takardar haihuwa, kwafin difloma, takardar neman shiga, da sauransu. Ƙa'idar Baba ɗaya ce, kada ka sayi tambur ko guda sai sanarwa ta fito ka karanta jerin abin da ake so.

Takardar neman shiga da ake rubutawa da hannu ma sai da ya sa na kwafe ta sau uku a bayan tsohuwar kalanda kafin ya bar ni na taɓa farar takarda. Na ji haushi a lokacin, mai lisans guda ana koya masa barin gefe. Amma na ga wani yaro ya manna tambur sannan ya yi kuskure a sunan ministan da yake rubuta wa, ya zauna yana kallon takardar kamar an yi masa rasuwa. Baba ne kuma ya tura ni ofishin FNE, asusun samar da aikin yi na ƙasa da aka kafa tun 1990, inda rajista ba a biyan ko dala. Shekara biyu ina wucewa ta ƙofar da fasinja ban taɓa shiga ba.

To, littattafan fa? Nan ne zan rage maki. Littafin ilmin yau da kullum da 'yan konkur ke rububi har yanzu lardi goma yake kira da tsohon suna, alhali tun 2008 aka mayar da su jihohi. Wanda ya haddace shi ya shiga jarrabawa, Allah ya kiyaye. Kwamfuta uku ne, ɗaya ke tashi, rabin sa'a kowa, kuma duk wanda ya soka kile ɗinsa na USB a ciki sai ya kwaso cutar kwamfuta. Ni yanzu a waya nake gyara takardar tarihin karatuna, in tura, in buga a shagon fotokopi na tsallake. In ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya aka shiga rabon wuta, fanka da kwamfutar tare suke mutuwa. Ana rufewa ƙarfe uku da rabi kamar ofishin gwamnati, don haka mai dako ko mai talla da safe ba shi da rabo.

Abin da ya fi damuna, komai da Faransanci yake. Wata rana wata Inna mai tuyar ƙosai ta shigo tana neman a rubuta mata takardar roƙon sassaucin kuɗin makarantar marayu biyu da take riƙo. Baba ba ya nan, ya je jana'iza. Ta tsaya bakin ƙofa da takalmanta a hannu, ba allo, ba wata takarda da za ta nuna mata inda za ta dosa. Na ce, "Inna, zauna mu gwada." Ta faɗa da Hausa da Fulatanci a gauraye, na juya, na bi tsarin da aka koya mini. Da ba kowa a teburin, haka za ta koma.

Makon jiya wata ƙungiyar agaji ta kira ni ganawa a Marwa, aikin tattara bayanai na wata shida. Na gaya wa Baba, ya ce in zo Litinin da safe ya yi mini tambayoyi kamar shi ne mai ɗauka, kuma in taho da birona, don na teburin ya ƙafe tun ranar Laraba.