Sansanin motocin kwana a tsallaken Kadiz, lokacin Kirsimeti

Masu tambaya ko ya dace a yi hayar motar nan mai gado da kicin a ciki a tafi Kadiz ta kudancin Sifaniya da hunturu, ni dai na ce a je, amma dan Allah kar wanda ya tusa ta cikin tsohon gari. Lungunan can ƙaramar mota ma da ƙyar take ratsawa balle wannan ƙatuwa, ga wajen fakin babu. Mu a wani sansani muka ajiye tamu a El Puerto de Santa María, ɗaya gefen ruwan, kuma gaskiya ya biya mu.

Akwai wajen jona wuta kusa da kowace mota, akwai famfon cika tanki da ramin zubar da ruwan datti da na bayi, banɗakunan wanka tsaf-tsaf kuma ruwan zafi bai taɓa yanke mana ba. Wutar nan ita ce babba a wajena, domin a Disamba rana na faɗuwa da wuri, solar ɗin saman motar ba ya cika batir, in ka kunna hita da firji da fitilu kafin asuba ya yi ƙasa. Sanyin kam ba mai kashe mutum ba ne, da rana har rigar sanyi za ka cire, iska ce matsalar, in ta taso daga teku sai ka ji motar na jijjiga cikin dare.

Daga El Puerto ɗin ake hawa jirgin ruwa zuwa Kadiz, kusan rabin awa, ya sauke ka bakin tsohon gari sai ka taka da ƙafa. Wallahi garin ya cancanci wahalar. Mutanen Finikiya, tsoffin 'yan kasuwar teku daga yankin Lebanon ta yau, ne suka kafa shi da sunan Gadir, ya zauna hannun Musulmin Andalus har zuwa 1262, a nan kuma aka rubuta tsarin mulkin Sifaniya na 1812. Babban cocinsu mai kubba ruwan ɗorawa an fara shi 1722 ba a gama ba sai 1838, ku hau hasumiyar Torre Tavira ku ga gari gaba ɗaya ruwa ya kewaye shi, da yamma kuma ku gangara bakin ruwan La Caleta. Tituna duk an ƙawata su da fitilun Kirsimeti, iyalai na ta yawo har dare ba turereniya irin ta lokacin zafi. Wanda ba ya cin alade ma ba zai sha wuya ba, soyayyen kifi da wainar jatan lande da suke kira tortillitas de camarones sun ishe shi, sai dai ya riƙa tambaya kafin ya yi oda.

Abin da ya ɓata min rai, ofishin sansanin ya rufe da wuri ranar 24 ga Disamba ba tare da sanarwa ba, gas ɗinmu ya kusa ƙarewa, shaguna sun kulle tun da yamma, 25 kuma ko'ina shiru. Ga shi kuma kan tukunyar gas ta Sifaniya daban yake da na Faransa ko Jamus, wanda ya ɗauko mota daga can sai ya nemi adafta. Takarda ɗaya a jikin ƙofa ta isa ta sanar da baƙi, ba su yi ba. Saboda wannan tauraro huɗu na ba su cikin biyar, ku kuma ku cika gas da firji tun ranar 23.