CO ko CO2: wacce ta fi wajen haɗa asid asetik daga metanol?

Ƙanwata, kin ce kina rubuta aikin kammala digiri a Jami'ar Jihar Gombe, kuma kina son sanin me ya hana masana'antu barin iskar CO (kabon monoksaid) su koma ga CO2 (kabon dayoksaid) wajen haɗa asid asetik, wato abin da ke sa binega tsami.

Hanyar CO ta daɗe da zama da gindinta. Kamfanin Monsanto na Amurka ya soma aiki da ita a 1970: metanol (wani nau'in alkohol) da CO, katalis (abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai) na ƙarfen rodiyam da aidin, zafi digiri 150 zuwa 200, kuma sama da kashi 99 cikin 100 na metanol ɗin da ya sauya a aikin asid yake zama. A 1996 kamfanin BP na Birtaniya ya fito da hanyar Cativa, ya sa iridiyam a madadin rodiyam, ya rage ruwan da ke cikin tukunya, tacewa ta yi arha. Aibin hanyar CO kowa ya sani. CO ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki.

Ita kuwa CO2 ga ta nan birjik. Ko a Ashaka, duk dutsen da aka gasa don siminti sai ya sake ta. Amma fa iska ce da ta riga ta ƙone, kamar toka, ba ta da sauran ƙarfi, sai an haɗa ta da haidurojin. A 2016 masu bincike a Beijin sun yi hakan da ruteniyam da rodiyam tare, asid ya fito. Sai dai kowace ƙwayar asid da ƙwayar ruwa take zuwa, ruwan da BP ya sha fama kafin ya rage. Har yau aikin bai wuce ɗakin gwaji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne haidurojin ɗin. Yawancinsa daga iskar gas ake samo shi, kuma wajen samo shi CO2 ake fitarwa. An gudu ba a tsira ba ke nan, sai in an samo shi ta tsaga ruwa da lantarkin hasken rana.

Ni dai a kan CO2 zan so ki rubuta, can ne aiki ya rage. Amma ki ware babi guda ki lissafa inda haidurojinki zai fito da nawa zai ci.