Gargaɗi kan masu tallan "cikakken kayan watsa shiri kai tsaye" ga matafiya

Jama'a, a yi hattara da wani salon damfara da ke dawowa duk lokacin da tafiye-tafiye suka yi yawa: gabanin azumi lokacin da ake shirin tafsiri, lokacin Umara da Hajji, da kuma dab da hawan sallah. Talla ce ake sakawa a Facebook, TikTok da zaurukan WhatsApp, wai ga cikakken kayan watsa shiri kai tsaye a jaka ɗaya: fawa bank, makirufo marar waya, MiFi (ƙaramar na'urar da ake sa wa layi ta ba da Wi-Fi) mai karɓar kowane layi, memori, ƙafar ɗora waya da fitila. Hoton da suke sakawa na kaya masu kyau ne. Farashin kuwa bai kai na makirufo ɗin gaske shi kaɗai ba. Idan ka tambayi dalilin arahar, sai a ce gwanjon kwastam ne, ko kuma mai shagon zai tashi ne yana neman kuɗin hannu.

Tsarin nasu kusan iri ɗaya ne. Za a fara tambayar ka yaushe za ka tashi. Wannan tambaya ita ce zuciyar damfarar. Za a ce saura guda biyu, ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran idan kaya sun iso. Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu ba su da kayan ma sam: bayan ka tura sai a nemi kuɗin mota, sai kuɗin "sakin kaya a tasha", daga nan lamba ta daina shiga. Waɗannan ɓarayi ne na fili. Na biyun sun fi wayo, don kayan suna isowa, cikin kwali mai kyau an naɗe da leda. Sai dai ana jan ka da "gobe, jibi" har sai ana gobe tafiyarka, direba ya kira ka a tasha, ka kunna komai ka ga fitila ta kawo, ka cika kuɗi. Duk jabun da ke cikin jakar nan yana aiki na minti goma na farko. Aibinsa ba ya fitowa sai bayan awa biyu ko uku ana aiki, lokacin kana Madina ko Agadas ko wani ƙauye da ba shagon da za ka canza.

Mu fara da fawa bank, don a nan aka fi cutar mutane. Za ka ga an rubuta 50,000mAh, wato yawan wutar da batirin ke riƙewa, a jikin abin da bai fi girman waya ba. Lissafin ba wuya. Batirin da ake yawan cusawa a ciki shi ne mai lamba 18650, kuma mafi kyawunsa ba ya wuce kusan 3,500mAh, nauyinsa giram 45 zuwa 50. Kafin a haɗa 50,000 na gaske sai an jera irinsa 15, wato nauyin batiran kaɗai ya kai giram 700, ban da kwanso da allon caji. Na gaske mai 20,000mAh yakan yi giram 350 zuwa 450. To a ɗora a sikeli. Amma sikeli kaɗai bai isa ba, domin masu haɗa jabun sun san da wannan, sukan sa batiri ɗaya ko biyu masu rai, sauran kwanson batiri ne da aka cika da yashi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika shi taf, sannan a riƙa cajin waya daga kusan sifili ana ƙirgawa. Mai 20,000 na gaske yana cika waya mai batiri 5,000mAh sau biyu da rabi zuwa uku. Ba ya kai sau huɗu, saboda batirin ciki yana kan volt 3.7 ne, ana ɗaga shi zuwa 5, wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Fawa bank ɗin da ya mutu kafin ya cika waya sau ɗaya da rabi, ba sai an faɗa ba. Ɗan gilashin sola da ke bayansa kuwa ado ne, wat ɗaya yake bayarwa ko ƙasa da haka, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, zafin ranar ma lalata batirin yake.

Akwai cuta ta biyu a jikin lambar ƙaryar nan. Ƙa'idar jiragen sama ita ce fawa bank ba ya shiga jakar da ake aunawa a kai ƙarƙashin jirgi, sai jakar hannu. Da ma'aunin Wh suke auna ƙarfin batiri: har zuwa 100Wh ana wucewa da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma guda biyu kawai. Sama da 160 an hana. Ana samun Wh ne idan aka ninka mAh da 3.7 aka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74Wh, mai 27,000 yana dab da 100, mai 50,000 kuwa 185Wh. Jami'in filin jirgi rubutun jiki yake karantawa, ba ruwansa da yashin da ke ciki. Za a karɓe shi a ƙofa. Wanda babu rubutun ƙarfinsa a jiki, ko ya goge, shi ma ana iya karɓewa. Mai tafiya ya fi dacewa da guda biyu masu 20,000 a kan ƙato ɗaya, ko ba don jirgi ba: ɗaya na aiki, ɗaya na caji.

Sai memori. Wannan ya fi ciwo, don ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da aikin da ba zai maimaitu ba. Ana ɗaukar kati mai 8GB ko 16GB a sauya bayanin da yake ba waya, sai ta nuna 256GB. Ka sa bidiyo biyu, su buɗe lafiya. Da zarar an wuce ainihin cikinsa, sai ya riƙa rubutu a kan tsohon abu ko ya zubar da sabon, sunayen fayil suna nan amma ba sa buɗewa. Bidiyo mai ingancin hoto na 1080p a waya yana cin kusan 7GB zuwa 8GB a awa, ke nan katin 16GB ya cika cikin awa biyu, daidai tsakiyar ɗaurin aure ko karatu. Duba girman kati a waya ba gwaji ba ne. A sa shi a kwamfuta a gudanar da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika katin baki ɗaya ta sake karantawa ta faɗi nawa ne na gaske. Babban kati yana ɗaukar awanni, a bar ta ta gama. Wanda ba shi da kwamfuta ya cika katin da manyan bidiyo har ya ƙoshi, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. A kuma nemi mai alamar U3 ko V30, wato ba ya sauka ƙasa da 30MB a daƙiƙa wajen rubutu.

MiFi ɗin da ake cewa yana cin kowane layi, sau da yawa tsoho ne na kamfani ɗaya da aka goge aka sa wa sabuwar leda. A sa masa layi biyu na kamfanoni daban a gaban mai sayarwa. A buɗe murfin a duba lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, lambobi 15 ne, a gwada da wadda ke jikin kwali da wadda shafin saitinsa ke nunawa. Idan suka saɓa, a ajiye. Abin da mai watsa shiri ke buƙata shi ne saurin tura data (upload), masu tallan kuwa saurin saukewa (download) suke nuna maka a hoton talla. Shiri mai 720p yana son saurin turawa kusan 3Mbps a tsaye ba yankewa, yana cin data kusan 1.3GB a awa. 1080p yana son ninkin haka. Idan gwaji bai nuna turawa ta kai ninki biyu na abin da kake so ba, hoto zai riƙa tsayawa da zarar taro ya cika kowa ya hau sabis.

Makirufo a gwada shi da nisa, ba a kan tebur ba. A maƙala wa mutum, ya yi taku ashirin, ya juya baya, a naɗa a saurara da abin kunne. Yawancinsu a zangon 2.4GHz suke aiki, inda Wi-Fi da Bluetooth ke cunkushe, jikin mutum ma yana tare shi, jabun kuwa da an juya baya yake yankewa. Wata dabarar: a ƙwanƙwasa makirufo ɗin da yatsa ana naɗa. Idan ƙarar ba ta fito ba, wayar da kunnenta take ji, abin da ka maƙala hoto ne. A duba bakin mai karɓar sautin da ake soka wa waya ma, USB-C ne ko na iPhone, kuma yana da ƙofar da za a sa caji yana aiki? In babu, shirinka ya ƙare lokacin da batirin waya ya ƙare. Idan a jakar akwai na'urar haɗa kyamara da kwamfuta mai rubutun "4K USB 3.0", launin shuɗi a bakinta, wanda aka saba gani a USB 3.0, ba hujja ba ne, masu arahar da yawa USB 2.0 ne a ciki, 4K ɗin shiga yake yi kawai, abin da ke fita bai wuce 1080p ba. Ƙafar ɗora waya kuwa a duba sukurun samanta, in na roba ne ba zai kai ƙarshen tafiya ba.

Duk gwaje-gwajen nan suna son kwana biyu zuwa uku, shi ya sa ba a faɗa wa mai talla ranar tafiya, kuma ba a sayen kaya ana saura mako ɗaya. Cinikin biri a sama ne tura kuɗi kan hoto. A nemi kiran bidiyo ya nuna kayan a hannunsa yana kunnawa, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye a gefe. A duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da na shagon; idan aka ce "na ƙanena ne" ko aka canza asusu a tsakiyar ciniki, a tsaya nan. Mai shagon gaske yana ba da rasit mai lambar kowane kaya, yana kuma yarda da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya tsaya zagi a waya, hakan sa su yake su goge shafi. Ya ɗauki hoton tallar, hirar, lambar asusun da shaidar turawa tun kafin a toshe shi. Ya kira bankinsa a ranar, ya ba da lambar cinikin, ya nemi a sanar da bankin da kuɗin suka shiga, don yawanci cikin awanni ake kwashe su. Sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, idan kuma jabun kaya aka kawo masa daga shagon da ke da adireshi, hukumar kare masu sayayya ta FCCPC tana karɓar irin wannan koke. Fawa bank ɗin da ya kumbura ko yake zafi ba a caji, kada a sa shi a jaka ko a bar shi a mota; a ajiye shi a kan siminti nesa da katifa da labule, tare da kwalinsa, don shi ne shaidar.