Gurbin jami'a ga baƙar fata: hanyar Brazil da ta Texas

A 2012 Brazil ta kafa doka: rabin guraben jami'o'in tarayya na ɗaliban da suka gama sakandaren gwamnati ne, kuma a cikin rabin nan ana ware wa baƙaƙe da ruwa-biyu da 'yan asalin ƙasar kaso gwargwadon yawansu a kowace jiha. An kira launin fata da sunansa, ba kwana-kwana. Wahalarta ita ce tantance wane ne baƙi, har sai da jami'o'i suka kafa kwamitocin duba masu neman gurbi.

Jihar Texas ta Amurka kuwa tun 1997 ta bi ta bayan gida. Dokar wancan lokacin ta ce duk ɗalibin da ya shiga kashi 10 cikin 100 na sahun gaba a makarantarsa, jami'ar jiha za ta karɓe shi, ba a ambaci launi ba. Abin takaici, dabarar tana aiki ne saboda unguwanni da makarantu a rabe suke bisa launin fata tun asali. Na fi yarda da ta Brazil, amma tun Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, don haka Texas ba za ta iya bin wannan hanyar ba.