Keken motsa jiki ko injin tausa bayan aikin jijiyar gwiwa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Ka ce an yi maka aikin jijiyar gwiwa, kana tambaya ko keken motsa jiki za ka saya ko injin tausa. Tunda kuɗin abu ɗaya gare ka, keken motsa jiki za ka saya, ka bar injin tausar nan mai lantarki. Ni ma an dasa mini jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke ce wa ACL, bayan na murɗe ƙafa a filin ƙwallo, kuma keken da injin duka suna ɗakina.

Bayan aikin nan abu biyu ne ke wahalar da mutum: gwiwa ta sandare, cinya kuma ta zube. Naman gaban cinya kan rame cikin 'yan makonni, har ka ɗora ƙafafun kusa da juna ka rantse ba na mutum ɗaya ba ne, alhali shi ne zai riƙe gwiwar kafin sabuwar jijiyar ta kama. Keke yana lanƙwasa gwiwa yana kuma tayar da naman, ba tare da ka ɗora wa ƙafar nauyinka duka ba.

Nawa na hannu ne, mai birkin murɗawa, ba ruwansa da wuta, kuma kai ma ka san darajar wannan a Zariya. Da na fara hawa, feda ba ta zagayawa. Sai in tura gaba har in ji ta ja, in dawo baya, kamar mai lilo, ina gumi a kan abin da yaro zai yi yana dariya. Wata safiya bayan asuba kawai sai ƙafar ta wuce ta zagayo. Uwargida ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya ko ƙaruwa aka samu. Daga nan hawa bene ya fara sauƙi, aka jingine sanduna, daga baya na bar sallah a kujera. Yanzu Baba ne ya ƙwace shi saboda sukarinsa, sai na roƙa nake hawa.

Amma kada ka hau don ka ji na hau. Sai gwiwa tana lanƙwasuwa kusan digiri 110 feda ke zagayawa, kuma likitan gashin ƙashi ne zai auna ya ba ka izini. In an haɗa da ɗinkin guringuntsi, lissafin ya canja, jiranka zai fi tsawo. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika, kada keken gida ya sa ka daina zuwa. In an ba ka dama, ka ɗaga sirdi sama, ka saki birki gaba ɗaya, ka fara da minti 5 zuwa 10. In gwiwa ta kumbura washegari, ka rage, ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20. Keke kuma ba ya miƙar da ƙafa, wannan aikinka ne: filo a ƙarƙashin dunduniya, ba a ƙarƙashin gwiwa ba, komai daɗin da hakan ke yi.

Injin tausa kuwa, to, yana da daɗi a gadon baya. Iyakarsa ke nan, nawa yana cikin kwalinsa. Ba shi ne na'urar da masu gashi ke manna wa cinya don ta motsa nama ba, ko da mai shago ya rantse maka. Injin tausa mai ɗumi ma ƙara kumburi yake yi a sabon aiki. In kuma ka ji sha-raɓarka ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, kada kowa ya taɓa ta da sunan tausa, inji ne ko hannu. Jini ne kan daskare a wurin, asibiti za ka nufa a ranar.

Sai batun masu sayarwa. Akwai masu tsinto mataccen keke, su kai wa mai walda, su fesa fenti, su ce daga wani asibitin Jamus aka kawo shi. Ka tafi da mutum lafiyayye mai jiki ya hau a gabanka. Ku duba ko sirdi na hawa da sauka ya kuma kulle, ko feda na tafiya sumul ba tsalle, ko keken na girgiɗi. Wanda ke fizga zai fizgi gwiwarka. Masu talla a intanet da ke cewa ka turo kuɗi su sa maka a mota ka karɓa a Kwangila, rabu da su. Haka masu man shafawar da wai ke haɗa jijiya.

Ƙwallo kuwa ka manta da ita har wata 9 zuwa shekara, ko da ka ji garau, don daga mako na 6 zuwa na 12 dashen ya fi rauni, daidai lokacin da mutum ke jin ya warke. In kana wajen Samaru, yi mini magana ta gefe ka zo ka ga nawa kafin ka shiga Sabon Gari.