Daga Manchester: ba a taya tumatir, amma ana taya muƙami

Salamu alaikum mutanen Kaduna, musamman ƙannena masu aikin jinya da suka dame ni da tambaya kan intabiyu a Ingila, yau dai bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Mu fara da kasuwa. A nan in ka shiga manyan shaguna irin su Aldi ko Lidl kuɗin da aka liƙa a jikin kaya shi kenan, ba "nawa za ka bari", ba albarka, ba gyara. Madara da burodi da dankalin turawa ba laifi, amma doya guda a shagon 'yan Afirka in ka lissafa da naira sai ka ajiye ta a hankali ka fita. Aikin hannu kuwa shi ne bala'i, tela da mai aski da makanike duk manyan mutane ne a ƙasar nan, ɗinkin da za a yi maka a Kasuwar Barci kana tsaye kana shan zoɓo, a nan sai ka jira sati kuma ka biya kuɗin shadda. Wuta ba ta ɗaukewa, gaskiya ne, amma bil ɗin hunturu yana hana barci.

To inda ake ciniki na gaske shi ne ɗakin intabiyu, mu kuma tarbiyyarmu ta "duk abin da kuka ba ni ranka ya daɗe" tana cutar da mu sosai. Bature bai ɗauki shirunka kunya ba, ɗauka yake iya kuɗinka kenan.

Sai dai ku gane wurin. A asibitocin gwamnati na NHS aiki hawa-hawa ne, kowane hawa ana ce masa Band, nas da ta ci OSCE, wato jarrabawar gwajin aikin jinya a aikace, ta samu rajistar NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan, da Band 5 take farawa ko da ta shekara goma tana riƙe da ward a gida, kuma ba a shiga intabiyun Band 5 a fito da Band 6, sai an tallata gurbin ka nema daban. Abin da za ki iya taɓawa shi ne matakin albashi a cikin band ɗin, ki ce a duba shekarun aikinki, wasu asibitoci suna dubawa wasu su ƙi, sannan ki tambaye su kai tsaye wane kwas za su tura ki da zai kai ki Band 6. Gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu su ne ke da sassauci, a can ana iya cewa na zo neman nas amma aikin da na yi na siniya ne.

Kuma ko a can kar ki fara da maganar muƙami. Bari sai sun nuna suna so, sannan ki kawo hujja, mutum nawa ke ƙarƙashinki, ke ke tsara rosta, ɗalibai nawa kika horar. Ba ruwansu da ɗan wa kike ko wa ya turo ki. In sun ce sai bayan wata shida, ki ce madalla, a rubuta. Ki kuma duba takardar sponsa, wato wadda mai ɗaukar ki aiki zai ba ki don neman biza, da kyau, sunan aiki da albashin da ke ciki da su za a yi miki biza.

Yaya Hajara, in za a ba da saƙo a bar kilishin nan, ba a shigowa da nama, ƙwacewa suke a filin jirgi. Kuka da daddawa da yaji sun isa.